Kaset Tara na Inna

Shekarun baya, lokacin ina gadin wani bene a unguwar Harra ta Gabas a Madina, ni da mahaifiyata ba mu taɓa aika wa juna wasiƙa ba. Ita ba ta karatu, ni ma haka. Kaset muke yi. Ƙanena zai ajiye mata rikoda a tsakar gida, ta yi ta magana har gefen ya ƙare, sai a ba wani maniyyaci ya kawo mini. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "A gaya wa mutumin Madina," haka take farawa, alhali da ni take. Daga nan sai labarin damina, da waɗanda suka haihu, da faɗan ta ga na rame a hoto.

Da Allah ya yi mata rasuwa, kaset tara nake da su nata. Zafin ɗakina ya fara cin su, ɗaya ma rikoda ta tauna zarensa. Ina da wani abokina haifaffen nan, yana gyaran kwamfuta a unguwar Bani Harisa. Shi ya juye mini su duka cikin wata tsohuwar kwamfuta da mai benen ya ba ni, ya nuna mini alamar da zan danna: ta uku daga sama, mai ruwan ɗorawa.

"Na sa maka mai gadi a ciki, abokin sana'arka," in ji shi, yana dariya. "Amma ya shaihu, lazim duk wata ka kawo ta in yi mata tahdis, in sabunta shi. Fairus, ɓarawon da ke shiga kwamfuta, kullum sabo ake ƙirƙirowa. Mai gadin da bai san fuskar ɓarawo ba, da hannunsa zai buɗe masa ƙofa."

Na ce to. A raina kuwa na ce surutun masu gyara ne. Lambar da aka yi mini a dantse tun ina yaro sau ɗaya aka yi ta, ga ni har yau lafiya lau. Kuma wa zai yi ta dakon wannan akwati har Bani Harisa duk wata?

A wurinmu ba a zubar da kaset, a kansa ake mayar da amsa. Tunda na ga Inna ta shiga kwamfuta, sai na riƙa ɗaukar kaset ɗinta ɗaya bayan ɗaya ina yi wa mutanen gida saƙo a kai. Ni da bakina na shafe ta, ina tambayar lafiyar awaki.

Bayan 'yan watanni wani jan rubutu ya fara fitowa duk sanda na kunna. Na gano inda ake dannawa ya tafi, har ina jin kaina gwani. Duk mai shiga benen nan zai iya karanta mini shi, amma na ji nauyin a ce gardi kamata bai san abin da kwamfutarsa ke faɗa ba. Ga 'yan'uwa suna ta zuwa da filasha daga shagunan intanet, wannan ya kwafi karatu, wancan ya zuba wa'azi. Ban taɓa hana kowa ba.

Wata Juma'a bayan la'asar na danna alamar, shiru. Na sake dannawa, shiru. Ranar kam na ɗauki akwatin ban ji nauyinsa ba.

Abokina ya duba, ya tambaye ni, "Tun yaushe take nuna maka jan nan?"

"Tun kafin azumi."

"La haula! Roƙonka take yi, ɗan'uwa. Cewa take mai gadin ya tsufa, a sabunta shi." Ya ɗago ya dube ni. "Ma'alesh, ba komai, ai kaset ɗin suna nan, mu sake juyewa."

Da ya ga na sunkuyar da kai, sai ya koma kan kwamfutar. Kwana uku yana fama da ita. Sunayen suna nan, tara cif, amma ciki babu komai.

Na je na buga wa ƙanena waya, ko akwai wanda ya rage a wurinsu. Ya ce, "Yaya, ai muryarka ce a kai. Mu ma mun mayar maka da amsa a kan wasu."

A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci da wani malami ke yi wa irinmu bayan la'asar. Na yi jinkiri, amma na daure. Yau ba na danna wa rubutu ya tafi sai na san me ya ce, kuma duk wata ina sabunta mai gadin ba sai an tuna mini ba. Ban ga laifin kowa ba, don an gaya mini.

Da hannuna ya ɗan faɗa, na sayi littafi na rubuta duk abin da nake tunawa Inna ta faɗa. Ya kai shafi goma sha ɗaya. Maganganun suna nan, nakan karanta. Amma akwai wata 'yar dariya da take yi in ta gama faɗa, wadda ke nuna faɗan bai kai zuci ba. Ita ce ban san yadda ake rubutawa ba, kuma bana na lura ta fara ɓace mini.