Wayar Mati Kurma

Sanƙarau ya toshe wa Mati kunne tun yana yaro, ya girma yana noman gero a ƙauyensu kusa da Kunci. Shekarar da ɓarayin shanu suka addabi yankin, ƙanwarsa Hure ta saya masa waya. In ta girgiza a aljihunsa sau ɗaya, an kwashe tuwo. In sau biyu ne, tsohuwarsu ta sake faɗuwa.

Sai aka fara tsegumi. Me kurma zai yi da waya, in ba ɓarayi yake kai wa rahoto ba? Aka kai shi gaban mai unguwa, aka karɓe ta.

Mati na kallo ta girgiza sau biyu a tafin mai unguwa. Ya zabura zai ruga gida, aka danne shi, ana cewa ga shaida nan.