Ranar da Surukina Ya Tsamo Ni Daga Kogi

Mijin autata Raihana sunansa Abdourahamane. Na faɗa sau ɗaya don ku san shi. Daga nan sai dai in ce mijin Raihana, don ba a haife ni a gidan da ake kiran suruki kamar ana kiran mai tallar goro ba.

Ɗan garin Tawa ne, a Nijar. Karatu ya kawo shi Paris, yunwa ta kai shi Rungis, babbar kasuwar abinci, yana sauke akwatunan kifi daga kamiyo, manyan motocin kaya, har ƙarni ya zauna masa a fata. A Château Rouge ya ga Raihana tana rigima da mai shago a kan busasshiyar kuɓewa, ya tsaya ya saurari bakinta har ƙarshe, ya ce ita yake so. Da ya san inda ta gaji bakin, da ya sake tunani. Yanzu bis yake tuƙawa a Lyon, suna zaune a Vaulx-en-Velin, ɗaki biyu da lungu guda, can sama inda tsuntsu kaɗai ke leƙo ka.

Mutumin kirki ne, sai dai tarbiyyar da aka yi masa ta mutanen da ce. Tun da na zo aka cire mini yanar ido, bai taɓa duban fuskata ba. In muka haɗu a lungu sai ya durƙusa ya gai da daɓen ƙasa. Ko loma bai taɓa ci a gabana ba. A garinmu Damagaram wannan abin yabo ne, don akwai zaure, akwai majalisa a waje. Nan fa, tebur guda ne. Sai ya ɗauki kwanonsa ya sauka ya ci cikin mota, ko ya tsaya a balko, 'yar barandar bene, cikin sanyi kamar tattabara. Wuyansa ya fara yi wa riga kaɗan.

Na ce wa Raihana, "Ki nemo mini tikiti in koma. Ban zo in mai da mutum baƙo a gidansa ba."

Ta yi kuka. Ba ta da kowa a nan, ni ma can ba abin da ya rage mini sai katangu. Amma na kafe.

Da ya sami hutu, suka ce kafin in tafi sai sabon idona ya ga duwatsu. Muka yi ta hawa da mota har kunnena ya toshe. Muka ga awakin dutse masu ƙaho kamar lauje, tsaye a inda ko ƙadangare zai yi shawara, ba mai su, ba makiyayi. Muka ga wata dabba kamar gafiyar da ta yi arziki, ta miƙe tsaye tana mana fito. Na ce, "A garinmu da tuni kina cikin miya." Mijin Raihana yana gefena riƙe da madubin hangen nesa, amma sai ya zagaya ya ba matarsa, ita ta miƙo mini.

Bayan azahar muka sauka kogi, inda za su shiga jirgin yawon buɗe ido. Suka ce in zauna a baki in jira su. Na ce jira na zo yi? Aka cusa ni cikin wandon roba, na mai da doguwar rigata a kai, aka ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, aka kifa mini hular kwano bisa hijabi. Jirgin kuwa na roba ne, kamar ƙatuwar taya da aka ja ta miƙe.

Mai yi mana jagora wata baturiya ce siririya mai muryar soja, Raihana na fassara mini. Ta ce in ta yi ihu, kowa ya faɗo tsakiya, kafaɗa da kafaɗa. In wani ya faɗa ruwa, a kama shi ta kafaɗun rigar a fizgo da ƙarfi. Ta dube mu, ta zaunar da mijin Raihana daura da ni, wai shi ne mai ƙarfi. Bawan Allah ya matsa can bakin robar, rabinsa a waje.

Da farko daɗi. Ruwa kore shar, sanyi kamar daga firigo, wata gaggafa na shawagi a kanmu. Har waƙa na fara. Sai kogin ya ƙuntata, ya fara tafasa. Baturiya ta yi ihu, kowa ya faɗo tsakiya, ni ma na karkato in jingina da kafaɗar da aka ce tana nan. Babu ita. Kunya ta sa ya kauce baya. Jirgi ya daki dutse, na wuce ta gabansa sai cikin ruwa.

Da na ɗago kai ina tari, me zan gani? Ya miƙo mini sandar tuƙi, ya juya fuska yana kallon dutse.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ki kama."

"Ina sandar take, ɗan nema? Kana miƙa wa kifi!"

"Hajiya, Allah ya huci zuciyarki..."

"Zuciyata ta huce, har ta daskare! Kunyar za ka kai mini kabari? Dube ni!"

Ya dube ni. Ashe idanunsa manya ne. Ya jefar da sanda, ya cafki kafaɗuna da hannuwan da suka saba da akwatunan kifi, ya fizgo. Ya faɗi rigingine, na faɗo a kansa, hular kwanona ta daki haɓarsa. Turawan da ke jirgin suka ɗau tafi. Raihana na kuka tana dariya har da shaƙuwa.

A bakin ruwa aka lulluɓe ni da bargo, Raihana ta buɗe kular shinkafa da kaza. Ina kallo ya ɗauki rabonsa ya nufi bayan wani dutse.

Na ce, "Malam, dawo. Mutumin da ya ɗaga ni kamar buhun gero, me ya rage da zai ɓoye mini? Taunarsa?"

"Hajiya, ba a yi mana haka ba."

"Ni ma ba a yi mini wandon roba ba, ga shi na sa. Ka ci a nan, ko in tafi in bar maka matarka tana maka kuka safe da yamma. Zaɓi."

Ya daɗe tsaye. Sannan ya zauna a ciyawa, ya ba ni rabin baya, ya kai loma. Ya tauna a hankali kamar mai tsoron a ji. Na tura masa cinyar kazata, ya cinye.

A hanyar komawa na ce wa Raihana ta bar zancen tikiti.

Yanzu a tebur yake cin abinci. Kujerarsa dai taga take kallo, na kuma bar shi, ba a raba mutum da tarbiyyarsa duka a yini guda. Wuyansa ya cika riga. Jiya har ƙari ya nema, ta bakin Raihana.