Ranar da shirina ya ce direba ya ɓata

Shekarun baya, lokacin da ake tawaye amma mutane na ta kwararowa Arlit neman aikin uraniyom, na yi aiki a biro, wato ofishin wani mai manyan motoci. Motocinmu na ɗauko kaya daga Agadas, kuma ba mai bin hanyar sai cikin ayari da rakiyar soja, saboda nakiyoyi.

Ni kaɗai na ɗan taɓa karatun ordinatar, wato kwamfuta, kaina kuwa ya kumbura. Na ga dattijon da ke lura da motocin, mutumin Abzin, yana fama da kundi, sai na rubuta masa ɗan shiri a tsohuwar na'urar biro, irin mai baƙin allo da ake buga umarni da hannu. Na sa wa shirin suna "hanya", da ƙananan umarni uku a ƙarƙashinsa. Ka buga "hanya tashi" da lambar mota, ta shiga jerin masu tafe. "Hanya iso" ta fita daga jerin. "Hanya duba" ka ga inda ake ciki. Na ƙara wata dabarar da ba wanda ya roƙe ni: motar da ta kwana biyu ba ta iso ba, allo ya rubuta ta ɓata. Bayanin taimakon kuwa na zuba shi da Faransanci mai tsauri, don a san na yi makaranta.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. A tsakanin nan ayari ya iso babu motar wani direbanmu. Mahaifiyarsa ta zo biro sau biyu, dattijo yana ba ta haƙuri. Zuwanta na uku ya buga "hanya duba", allo ya ce motar ta ɓata. Ya buga neman taimako ko zai ga ƙarin bayani, Faransancina ya cika masa ido. Ta tambaye shi abin da na'urar ta ce, shi kuma ba mai ƙarya ba ne.

Da na samu sauƙi na ji labari, na biya gidan su direban. An shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maƙwabta sun zauna jugum, ba wanda ya ce gaisuwar mutuwa ce, ba wanda ya ce ba ita ba ce. Tsohuwar ta riƙe hannuna.

"Ɗana, an ce kai ka san na'urar. Wa ya gaya mata?"

Babu wanda ya gaya mata. Ni ne na ƙirga kwana biyu a kaina ina zaune ƙarƙashin fanka. Kunyar da na ji a ƙofar nan ban taɓa jin irinta ba.

Washegari direban ya shigo da ayari na gaba, har da tsarabar cuku. Taya ce ta fashe masa wajen Dannet, ayari ya wuce, ya zauna wurin makiyaya yana shan shayi.

Na tambayi dattijo, "Baba, kai ba ka san haka direbobi suke yi ba?"

Ya ce, "Na sani. In ayari ya bar direba, zama yake wurin mutane har wani ya zo. Amma na ce ko na'ura ta ji abin da ban ji ba."

A ranar na goge kalmar nan ta "ɓata". Na ƙara umarni na huɗu, "hanya tsaya", na motar da ta rabu da ayari. Bayanin taimakon kuma na sake shi da Hausa, shi yana faɗa ina bugawa. Layin farko nasa ne: "Wannan abu bai san komai ba sai abin da ka gaya masa. Ka tambayi direbobin da suka iso."

Har yau ina rubuta irin waɗannan shirye-shirye, kuma bayanin taimako nake fara rubutawa, ina tuna wanda zai karanta shi ranar da ba na nan. Tsohuwar ta yafe mini tun a lokacin, har tana tsokanata da malamin na'ura. Amma ɗanta ya taɓa gaya mini cewa daga ranar, duk sanda ya yi tafiya, ba ta ƙara zuwa biro tambaya ba. Bakin hanya take zuwa ta tsaya, sai ta gan shi da idonta.