Faifan da Yaya Ya Cire Wa Suna

Jama'a, yau na goge muryar Babanmu da hannuna.

Duk karatun da marigayin ya yi a Tudun Ƙofa yana kan faifan kwamfuta ɗaya, na sa masa sunan Baba. A shagona kuwa, faifan da ba suna fanko ne. Da safe na ga wani ba suna, na goge shi tas.

Sai ga Yaya Isa. Ya ce, "Jiya na ga ka rubuta sunan Baba gatsal, ko Malam babu. Na buga umarnin sauya suna na cire."

Na ce, "Kwamfutar ba ta nemi kalmar sirri ba?"

Ya ce, "Ko kaɗan."

Yanzu Inna ta aiko, wai in kunna mata karatun, kewarsa take.