Kaset Ukun Baba Ɗanjuma na Paki

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, mu uku a tsohuwar motar ƙaramin gidan rediyonmu, wadda ba ta tashi sai an tura. Paki muka nufa, ni kuwa tun kafin mu bar gari nake fargabar isa can.

Ga dalili. Shekaru da dama da suka wuce na ɗauki muryar wani dattijo mai haƙar rijiya, Baba Ɗanjuma. Tarihin garinsu kaf ta bakin rijiyoyi ya san shi: wa ya haƙa wannan, daga ina kakanninsa suka taso, wace shekarar fari ce ta koro su. Kaset uku ya cika mini. Bana masu sauraro suka yi mana karo-karo don mu kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Da na saka nasa, sai na ji muryata tana tallan takin zamani. A lokacin ba mu da kuɗin sabon kaset, talla kuma ita ke saya mana man janareto, sai mukan ɗauko tsoho mu ɗora sabo a kai. Da hannuna na goge shi, ukun duka, ban ko duba sunan da ke jiki ba.

A Hunkuyi muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai mai zafi a bakin kasuwar hatsi. Buhunan masara an jibge su har sun fi ni tsawo, manoma kuma kowa na kukan farashi ya faɗi alhali taki bai sauko ba. Wani ɗan kasuwa ya gane muryata, ya riƙe mu da hira, ya ce shirinmu na tarihi ba ya wuce shi. Da na ɗauko zancen taimaka wa shirin, sai ya tuna ana jiransa a wajen awo.

Hanyar Makarfi rake ne hagu da dama, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi daga gonaki. Muka sayi ƙwarya biyu don tsaraba, mai sayarwa na rantsuwa cewa a kan asara ya ba mu, abokin tafiyata na rantsuwa cewa an cuce mu. Ramukan hanya kuwa direbanmu ya san su ɗaya bayan ɗaya, amma bai fasa faɗa musu ba.

Da hantsi muka isa Paki. Muka tarar da Baba a zaure kan buzu, ya rame, idanunsa sun yi fari. Muka durƙusa aka yi doguwar gaisuwa, gida da gona da jiki da ƙarfin hali. Da ya ji ko wane ne, fuskarsa ta washe, ya sa aka kira 'ya'yansa da jikoki har zauren ya cika. Ya gaya musu ga mutumin da ya ba ajiyar tarihin gari, yau za su ji da kunnensu.

A mota na shirya ƙarya mai kyau, cewa damina ce ta lalata kaset. Da na ga yadda suka zauna suna jira, sai ta ƙi fitowa. Na faɗi gaskiya kamar yadda take, har da tallan takin.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana shafa buzun, sannan ya ce, "Ɗana, ai tun ranar da na ba ka na daina maimaitawa. Da, kullum bayan la'asar sai na bi labaran rijiyoyin ɗaya-ɗaya a raina don kada su gudu. Da na ga sun shiga rediyo, sai na ce to, na huta."

Na roƙe shi mu gwada sake ɗauka a wayata ko kaɗan ne. Ya yarda. Ya kawo rijiyar bakin masallaci da ta unguwar maƙera tiryan-tiryan, ya kama ta uku ya kai rabi, sai sunan mai ita ya ɓace masa. Ya juya wajen babban ɗansa, shi kuma ya sunkuyar da kai, don bai taɓa zama ya koya ba, tunda an ce masa komai na rediyo. Abin da ya cika kaset uku, ranar ko minti ashirin bai kai ba.

Duk da haka sai da aka kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa, aka tsare mu muka ci. Ban taɓa cin abincin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Da za mu tafi Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Wannan ɗan guntun, ka bar wa yaran nan nasu a waya kafin ka tashi." Haka na yi, na tura wa mutum huɗu.

Ta Ikara muka biyo, muka shigo Zariya gab da magariba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan rashin kuɗi, kuma gaskiya ne rediyon da ke rayuwa da talla zai ci gaba da cinye tarihinsa in jama'a ba su tallafe shi ba. Amma tafiyar nan ta nuna mini abin da ya fi haka ciwo: ranar da ka miƙa wa tsoho makirfo, ka ɗauke masa nauyin tunawa ne ka ɗora wa kanka. Kaset ɗin uku suna kan teburina har yanzu. Sunan Baba Ɗanjuma ne a jiki, da rubutuna, ciki kuwa ni ne ina cewa a garzayo a sayi taki.