Haruffa Uku da Ɗigo

Lemuel Tarver bai taɓa buɗe baki a taro ba, ko a coci iyakarsa "amin". Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jera haruffan jaridar garinmu ta mako-mako, a nan jihar Misisipi ta Amurka. Da tsintsiya ya shiga gidan, ya ƙare a gaban injin da ke narka dalma yana zubo rubutu layi-layi, don kaf garin shi kaɗai ya san kan injin. Mai jaridar, Mista Quimby, farar fata ne da ya fi son kamun kifi da duba rubutu. Da ya miƙa takarda ya ɗau ƙugiya, sai an gan shi.

Dokar gidan ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. Matar farar fata "Misis" ce, sai cikakken sunan mijinta ya biyo. Tamu ta baƙar fata kuwa, ko jikokinta goma, sunan yanka ne tsirara. Lemuel da hannunsa ya jera rasuwar mahaifiyarsa, "wata Hattie". Abin ya soke shi a rai kamar ƙayar kifi.

A bazarar 1962 aka yi muhawara a zauren kotu kan haɗa makarantun farare da na baƙaƙe. Su suna ƙasa ƙarƙashin fanka, mu muna bene muna fifita da kwali. Wani lauya ya kwashe awa guda yana cewa raba makarantu ba zalunci ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma baƙaƙen garin nan ba su taɓa kuka ba. Ya ɗaga kai sama ya ce mai ƙorafi ya miƙe. Wai shi nan ya gama da mu.

Sai Ozella, malamar aji huɗu, ta miƙe da littafi a hannu. Ta ce kwancen makarantar farare ne, ga sunayen 'ya'yansu bakwai a bango, kuma shafi ashirin babu, daidai wurin da aka yi bayanin tsarin mulki.

"Ku dawo mana da shafukan kawai, ranka ya daɗe. Karatun mun iya."

Lauya ya tambayi sunanta, ta ce Ozella. Ya ce ta wa?

"Ozella dai. Ai haka kuke kiranmu."

Mutanen bene suka kwashe da dariya, ban da Lemuel. Shi wulaƙanci ya ji, ita kuwa dabara ta yi. Aikinta ta riga ta sallama tun kafin ta miƙe, mijinta take karewa. Da sunan gidan ubanta makaranta ta san ta, kuma babu farar fatar da ya san ita ce matar Alonzo Pruitt, wanda ke aiki a injin gurzar audugar yayan lauyan nan.

Washegari Mista Quimby ya rubuta "wata Ozella" a labarin muhawarar, ya tafi rafi. Lemuel ya daɗe yana kallon takardar. Ya tuna mahaifiyarsa, sai ya jera mata suna irin na matan manya: Mrs. Alonzo Pruitt. Haruffa uku da ɗigo, sai sunan miji. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, har murmushi yake sa'ad da dalmar ke hucewa.

Jarida ta fito Alhamis. Ran Juma'a Alonzo ya tafi aiki bai dawo ba. Ran Talata masunta suka tsamo gawarsa a ƙasan gada.

Lemuel ya jira a tona shi, ba a tona ba. Mista Quimby ya ce kuskuren inji ne, don ba shi da wani mai jerawa, amma daga ranar ya jingine ƙugiya, ya dawo yana karanta kowane layi a tsaye bisa kansa.

Bayan jana'iza Ozella ta zo ƙofar baya ta gidan jaridar, akwatinta a hannu, jirgin ƙasa mai zuwa birnin Chicago za ta bi. Lemuel ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ba ta zage shi ba. Ta miƙa masa sanarwar rasuwar mijinta a rubuce.

"Ɗan'uwa Lemuel, na san kai ne, na kuma san me ka nufa. Tunda ka iya, ka sa masa Mista. Ai yanzu ba sauran abin da za su yi masa."

Ya ce to. Ya koma ya jera, dalma ta zubo, Mr. Alonzo Pruitt. Yana cikin riƙe da layin da zafinsa ya ji takun Mista Quimby. Ya tuna matarsa, ya tuna cewa wannan karon babu wanda zai yarda kuskure ne. Ya jefa layin a aljihu, ya jera wanda aka ba shi: wani baƙi mai suna Alonzo ya nitse a kogi.

Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma shi ma bai taɓa kiransa da wani suna ba.

Zamani ya juya. Ba a yi shekara goma ba jaridar ta fara ce wa kowa Mista da Misis, kuma Lemuel ne ya jera su, ɗaruruwa. Bai taɓa jin daɗin ko ɗaya ba. Kogi ya daina zuwa, kifi ya daina ci. In ana hirar muhawarar nan a shagon aski, kowa na cewa ai shi ma ya kusa miƙewa ranar, sai Lemuel ya sa hannu a aljihu ya fita da rabin aski. Sau biyu ya nemo adireshin Ozella, bai rubuta mata ba.

Da ya rasu, matarsa Verlie ta tsinci ɗan guntun dalmar a aljihun rigarsa ta coci, ya yi sumul don shafa. Haruffan a juye suke, sai da ta kai madubi. Sunan Alonzo yana nan raɗau. Wurin "Mista" ne babban yatsa ya cinye, ko ɗigon bai rage ba.