Tafinta da Bishiyar Lemo

Ranar da likita ya ce ciwon ya fi ƙarfin magani, ba shi ya gaya wa matata ba. Tafinta ne.

Da sunan aikinsa kowa ke kiransa a asibitin. Kullum da safe sai ya jingine kekensa bayan ɗakin magani, ya jawo kujerarsa mai gurguwar ƙafa, ya dasa ta tsakanin teburin likita da gadon awo. Likitoci baƙi su zo da yarensu su tafi, shi yana nan. Makon jiya ya yi ritaya. Agogon bango aka ba shi, yanzu da ba mai jiransa.

Masu jinya shaida ne, bai taɓa yi wa mara lafiya ƙarya ba, bai kuma taɓa jefa masa gaskiya tsirara ba. Sai ya fara jin abin da kake yi a duniya. Wani direba mai hawan jini, cewa ya yi da shi, "Injinka tafasa yake, kai kuma sai ƙara wuta kake." Mutumin bai sake fashin magani ba.

Ni ina jin yaren likitan sarai. Ranar nan na ji, na sunkuyar da kai. Matata ta juya wajen Tafinta.

"Baba, me ya ce? Maigidan nan ya kurumce."

"Hajiya, me kika dasa a gida?"

"Lemo. Bai taɓa haihuwa ba."

"To, za ki ga furensa, in Allah ya yarda. 'Ya'yan kuwa, sai ki bar wa Malam amana."

Ta harare ni. "Wannan? Ko ba shi ruwa bai iya ba."

Ta gane. Ta ƙi kwanciya asibiti, ta kira 'yarmu gida, ta shirya da ƙanwarta bayan doguwar gaba, ta koya mini ban ruwa tana zaune tana faɗa. Ta ga furen.

Kai ne ka ba ta mutuwar da za ta iya ɗauka, Tafinta, ka bar mata sauran kwanakinta a hannunta. Allah ya saka maka. Masu farar riga da ke karanta wa mutane ajalinsu ido na kan takarda, ku je ku zauna gabansa tun yana numfashi.

Sau da yawa na hango ka a titi na sauya hanya, don ganinka na mayar da ni ɗakin nan. Abin da na so gaya maka bai da yawa. Lemon ya haihu. Tsami gare shi. Ina ba shi ruwa.